Babbanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki: mu kwashe bindigoginsa ko mu bar masa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mu ƙaramar ƙungiya ce ta masu riƙon tsofaffin bindigogin gargajiya, irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, yawancinsu na gado. Muna gyara su, muna adana su, in Sallah ta zo mu fita hawa mu yi harbin ban girma. Wata biyu da suka wuce babbanmu, dattijo ɗan shekara 63, ya yanke jiki ya faɗi, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. An sallamo shi, amma hannun dama da ƙafa ba ƙarfi, magana ma tana sarƙe masa. Mun yi karo-karo mun biya kuɗin asibiti. Yanzu kanmu ya rabu: wasu sun ce a kwashe bindigoginsa daga gidan, wasu sun ce hakan tamkar raba gadon mutum ne yana da rai. Wanne ne daidai, kuma me ya rage mu yi masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba dattijo lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri. Malam, kowane ɓangare a cikinku yana da gaskiyarsa, kuma ana iya haɗa su. Ku raba shi da albarushi yau ɗin nan, amma kada ku raba shi da matsayinsa.

Bari in faɗi dalilin gaggawar. Shanyewar ɓarin jiki ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba ciwon hannu ba. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Tunda dama ce ta shanye kuma magana ta taɓu, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa ne ya ji rauni, domin kowane ɓangare yana sarrafa kishiyar gefensa ne, kuma cibiyar magana a hagu take ga mafi yawan mutane. Irin wannan rauni kan iya ɗauke rabin gani ba tare da mai shi ya lura ba, ya kuma rikita jerin aikin da hannu ya saba yi shekara da shekaru. Wanda a da yake ɗuri ido rufe, yanzu zai iya zuba albarushi sau biyu bai sani ba.

Dalili na biyu ya fi damuna. Kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo sukan kamu da ciwon damuwa, kuma sau da yawa ba a makon farko yake zuwa ba. Sai 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit, mutumin da ake jira ya ba da umarni a filin hawa ya ga sai an riƙe shi zai shiga banɗaki. Wannan ba raunin imani ba ne, ciwo ne, kuma yana da magani. Tunanin halaka kai yakan zo wa wasu kamar guguwa, ya wuce cikin ɗan lokaci. In babu makami a kusa, galibi mutum yakan tsallake. Shi ya sa ba na sassauci a kan wannan, ko da dattijon mai fara'a ne, ko da bai taɓa faɗin wata magana mai tayar da hankali ba. Ga kuma jikoki da ke shiga ɗakinsa yanzu fiye da da.

Saboda haka albarushi da duk abin da ake ɗurawa su bar gidan gaba ɗaya. Kowace bindiga mutum biyu daga cikinku su duba ta da sandar ɗuri, su tabbatar babu komai a cikinta. Kun fi ni sanin cewa irin wannan bindiga takan kwana da ɗuri shekaru ba wanda ya gane. Sannan a kulle su, makulli ya zauna a hannun babban ɗansa ko wanda shi dattijon ya zaɓa. Idan kuwa kun ga sai sun bar gidan, kada ku ɗauka ku kai ɗakin wani kawai. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 da sunan mutum take ba da lasisi, har ma ta hana ba da shi ga wanda ganinsa ko hankalinsa ya samu matsala. Ku fara tuntuɓar ofishin 'yan sanda na yankinku.

Yadda za a yi abin shi ne rabin maganin. Kada ya farka ya tarar an share bangon ɗakinsa. Ku je ku biyu ko uku, waɗanda ya fi yarda da su, ku zauna ƙasa, ku ce: "Baba, mun zo neman izini ne. Za mu ajiye maka kayan ɗuri har ka samu ƙarfi." Ku jira amsarsa, ko da za ta ɗauki minti guda kafin ta fito. Sarƙewar harshe ba gushewar hankali ba ce. Da yawansu suna fahimtar abin da ake faɗa, kuma ba abin da ke ci musu rai kamar a tsaya a kansu ana tambayar uwargida, "Ya ci abinci kuwa?" alhali ga shi yana kallo.

A ɗakin gashi, wato sashen motsa gaɓoɓi na asibiti, inda nake aiki na taɓa jinyar wani tsohon maharbi. Mako uku muna ba shi ƙwallon roba ya matsa, yana kawar da kai. Ran nan abokinsa ya zo da ƙotar wata tsohuwar bindiga, itacen kaɗai, da tsumma da ɗan mai. Ya ɗora masa a cinya, ya ce ta bushe, ba wanda ya iya shafa ta kamarsa. Sai ga yatsun da suka ƙi ƙwallo suna lallaɓa tsumma, a hankali, suna bin tsagin itacen. Ya kai rabin awa bai ɗago ba. Ƙwaƙwalwa takan buɗe sababbin hanyoyi ne ta maimaita aiki, kuma aikin da zuciya ke so shi ake maimaitawa ba gajiya. Wannan wani abu ne da ku kuke da shi, mu ba mu da shi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Mafi saurin farfaɗowa yakan faru ne a watanni 3 zuwa 6 na farko, ko da yake ana ci gaba da samun sauƙi bayan nan. Kun riga kun ci wata biyu. To, karo-karon da ya rage a karkata shi ga abin da ke kayar da iyalai: kuɗin mota zuwa gashi, da maganin hawan jini na kowane wata. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a yankinmu. Wanda ya samu sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu, kuma abin da na fi gani shi ne a daina shan magani da zarar an fara takawa. Ku saya masa na'urar awon jini, ku sa wani ya riƙa rubutawa. A rage gishiri da dunƙule a miyarsa. Ku ma da kuke zagaye da shi, ku miƙa hannu a auna ku.

Ku raba ranakun zuwa, mutum ɗaya ko biyu kullum ya fi taron mutum ashirin ranar Juma'a. Wanda ya zo ya karɓi uwargida na awa biyu, ita ma ta runtsa. In za ku ɗaga shi, kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana iya gocewa. In yana ƙwarewa da ruwa ko kunu, a gaya wa likita, domin abin da ya bi ta hanyar iska yana jawo ciwon huhu. In kuka ga ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa ya zame muku kaya, kada ku tsaya ga ba shi haƙuri. Ku kai shi a duba shi a makon. In kuwa baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko magana ta ƙara lalacewa farat ɗaya, asibiti kai tsaye, ba jiran gari ya waye.

Game da hawan Sallah mai zuwa: harbi dai ba nasa ba ne bana. Amma ku mayar da taronku na shiri zaurensa. A sa masa rigarsa, a naɗa masa rawani, a kawo samarin da ya koya wa aiki su jeru, shi ya nuna da hannun hagu wa zai tsaya gaba, wa zai bi baya.