Amsa ga ƙanena: kwas ɗin labarin ƙasa ba wurin tsintar maki ba ne

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, na kuma ga na biyun da ka biyo shi da shi da ka ji shiru. Ka ce kwalejin da ta ɗauke ka a nan Amurka ta turo maka jerin kwasa-kwasan share fage da za ka zaɓa a zangon farko, wani abokinka kuma ya ce ka ɗauki na labarin ƙasar yankunan duniya, wai maki ne a ɓagas tunda ka ci labarin ƙasa a sakandare. Kana so in sa maka hannu. Ba zan sa ba sai ka ji abin da ke ciki, domin abokin nan naka ko dai bai taɓa zama a ajin ba, ko kuwa ya zauna ya manta. Ni na yi kwas ɗin, na fita da A, kuma ba sadaka aka ba ni ba.

Zangon karatu a nan mako 15 ne zuwa 16. A cikinsu za a yanka maka duniya gida goma ko goma sha biyu, gwargwadon littafin da malaminku ya zaɓa: Turai, Rasha, Amurka ta Arewa, ta Tsakiya, ta Kudu, Afirka kudu da Sahara, Arewacin Afirka haɗe da Gabas ta Tsakiya, sai sassan Asiya, sai Ostareliya da tsibiran Pasifik. Ka cire makon gabatarwa da na jarrabawa, ka yi lissafi da kanka. Kusan kowane mako da yankinsa, kowane yanki da babinsa mai kauri, da Turancin da ba a rage masa gishiri don baƙo ba. Kuma ba haddar manyan birane ake nema ba. Za a tambaye ka dalilin da ya sa iskar damina ke juyowa daga teku zuwa Indiya wajen watan Yuni, za a ba ka haruffan rabe-raben yanayi na Köppen ka fassara, za a ajiye maka zanen shekarun al'ummar Japan a ce ka faɗi abin da zai same su nan gaba. Wanda ya tara karatu sai daren jarrabawa, jiki magayi.

Sai gwajin taswira, wanda shi ne ke kayar da masu cika baki. Ana miƙo maka takarda, zanen iyakoki ne kawai, babu suna ko ɗaya, sai lambobi a warwatse, agogo kuma na tafiya. Lamba 7 wace ƙasa ce? Wane kogi ne lamba 12? Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991 ta bar ƙasashe 15, kuma kowacce sai ka san mazauninta. Kazakistan, Uzbekistan, Turkumenistan, Kirgistan, Tajikistan, duk a baki ɗaya suke, a taswira kuwa kowa da gidansa. Haka ƙasashen da suka fito daga tsohuwar Yugoslabiya, haka ƙasashe bakwai na Amurka ta Tsakiya da ke maƙale da juna, haka tsibiran Karibiyan da wasunsu ɗigo ne kawai a takarda. Kada ka manta 'yan ajinku tun suna firamare suke rera jihohi 50 na ƙasarsu da manyan tafkunansu biyar. Makon Amurka ta Arewa su hutu suke yi, kai kuwa daga tushe za ka fara.

Na san abin da kake ƙirgawa a ranka: ai idan aka zo Afirka zan rama. A nan ne nake so ka buɗe kunne, domin makon nan ne ya fi ci mini rai a duk zangon.

Ƙasashe kusan hamsin aka dunƙule mana a mako guda. Hotunan da aka haska a allo, fari ne, yaƙi ne, sansanin 'yan gudun hijira, sai raƙumin dawa a ƙarshe don a wanke ido. Ni kaɗai ne ɗan Afirka a ajin, don haka duk wata tambaya sai a waiwayo a dube ni. Aka tambaye ni batun Ruwanda, aka tambaye ni batun Sumaliya, kamar dai ƙofar gidanmu suke. Wata yarinya, da zuciya ɗaya wallahi, ta ce in yi mata gaisuwa da “yaren Afirka”. Za ka zama jakadan nahiya guda ba tare da an naɗa ka ba, kuma babu maki ko ɗaya a kan wannan aikin.

Abin da ya fi tsaya mini ma shi ne layin da littafin ya ja a Sahara. Masar, Libiya, Aljeriya da Maroko an kwashe su an kai babin Gabas ta Tsakiya, mu an bar mu a wani babi, Sahel kuma an kira shi yankin tsaka-tsaki, sakin layi kaɗan an wuce. Alhali ɗaruruwan shekaru ayarin raƙuma na ratsa wannan hamada, daga Kano ta Agadas har Tarabulus, da gishiri da fata da tufafi da littattafai. Hamadar da aka nuna mana a matsayin katanga, hanya ce ga mutanen da ke gefenta. Na ɗaga hannu na faɗi haka. Malamin ya gyaɗa kai, ya ce magana ce mai jan hankali, ya danna hoto na gaba. Ranar jarrabawa kuwa abin da littafi ya ce aka tambaya. Za ka iya sanin cewa iyakar da Turawa suka shata bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885 ta raba Hausawa tsakanin Najeriya da Nijar fiye da yadda malamin ya sani, amma in ba ka karanta babin ba, ɗan ajinku da bai taɓa taka Afirka ba zai fi ka maki a kan Afirka. Na ga hakan ta faru da wani ɗan Afirka ta Yamma da ya ɗauki kwas ɗin a bayana, ya raina babin, ya tashi da C.

Inda za ka rama shi ne rubutun bincike. A can ne iliminka na gida ke zama maki, muddin ka kafa shi da hujja daga littattafai da mujallun ilimi, ba “mu a wajenmu haka muka sani” ba. Ni na kwatanta Tafkin Chadi da Tekun Aral da ke Asiya ta Tsakiya. Dukansu sun ƙafe sosai tun daga shekarun 1960. Aral kuwa mutane ne suka kashe shi da hannunsu, lokacin da Sobiyat ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga, har jiragen kamun kifi suka zauna a kan yashi. Chadi kuma tafki ne marar zurfi mai ja da baya ya dawo gwargwadon ruwan da kogin Shari ya kawo, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ne ya fi durƙusar da shi. Hujjata ita ce kuskure ne a riƙa jera su a matsayin labari ɗaya. Malamin nan da ya danna hoto ya wuce ni, shi ne ya karanta wani ɓangare na takardar a gaban aji. Ban ce komai ba, amma Allah ya san yadda na ji.

Kada ka ce na ƙi faɗin alheri. A ajin nan ne aka nuna mana cewa taswirar Mercator ta 1569, wadda muka tashi muna gani a bango, tana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. Tsibirin Girinlan na can arewacin duniya, da ke kama da sa'ar Afirka a takarda, faɗinta murabba'in kilomita miliyan 2 ne da 'yan kai, Afirka kuwa ta haura miliyan 30, wato ta ninka ta kusan sau 14. A nan na san Musulmin Indunusiya, Pakistan, Indiya da Bangaladash sun fi na dukan ƙasashen Larabawa yawa. A nan na ji yadda Bolibiya ta rasa gaɓar tekunta a yaƙin da ta yi da Chile tun 1879, har yau kuma ba ta haƙura ba. Sai na lura duhun kan da nake zargin 'yan ajinmu da shi a kan Afirka, irinsa kowa ke ɗauke da shi a kan wani yanki.

Sauran gargaɗin a taƙaice, don na gaji da maimaita su ga duk mai tahowa. Bizar ɗalibi ta F-1 tana wajabta maka kiredit 12 a zango (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), wannan kwas ɗin yawanci kiredit 3 ne, don haka in ya yi maka zafi a tsakiya ba za ka ajiye shi haka kawai ba sai da izinin ofishin ɗaliban ƙasashen waje, in ba haka ba zamanka ne a ƙasar zai shiga matsala. A cikin kiredit 12 ɗin, kwas ɗaya tak na intanet ake ƙirga maka, kada ka ɓarar da wannan damar ba lissafi. Kada ka kwafo ko jimla ɗaya ba ka ambaci mai ita ba, akwai manhajar da ke kamawa, hukuncin kuma daga sifili ne har kora. Magana a aji tana da maki, don haka kunyar nan taka ta gaban manya ka bar ta a ƙofar aji. Littafin sabo kan haura dala 100, ka tambayi laburare ko ka nemi na hannu kafin ka fitar da kuɗi. In kuma kana da niyyar komawa jami'a bayan shekara biyu, ka sa mai ba ka shawara kan kwasa-kwasai ya tabbatar maka a rubuce cewa za su karɓi kiredit ɗin.

In bayan duk wannan kana so, ka ɗauka, amma kada ka haɗa shi da wani kwas mai yawan karatu a zangon farko. Ka turo mini tsarin kwas ɗin idan malamin ya fitar, in duba yawan gwajin taswirar. Kafin nan ka sauke taswirori marasa suna a intanet, ka buga, ka fara da Asiya ta Tsakiya da Balkan, wato yankin tsohuwar Yugoslabiya da maƙwabtanta. Ka gaida Umma, ka ce mata zan kira ranar Lahadi in sha Allahu.