Aisina ba ya cikin waɗanda direban Linux ya sani: in faɗaɗa direban ko in rubuta sabo?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da nake auna batiran solar shagona da shi. Da farko aisin (IC) MCP3008 na sa, direban mcp320x na Linux, wato manhajar da ke magana da aisin, ya kama shi ba gardama. Yanzu na samo wani aisin ADC, wato mai mayar da ƙarfin wuta zuwa lamba, mai bit 12 da ƙofar awo takwas, na wani kamfani daban. Ƙafafunsa da tsarinsa kamar na MCP3208, amma sunansa ba ya cikin direban. Na bar sunan MCP3008 a Device Tree, fayil ɗin da ke gaya wa Linux na'urorin da aka jona, na jona sabon, sai ga lambobi suna fitowa kusan daidai da abin da mita ke nunawa. In bar shi haka, ko in ƙara sunansa a direban, ko kuwa sabon direba zan zauna in rubuta?

Amsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bar shi haka, kuma kada ka yi gaggawar rubuta sabon direba. Amma bari in fara da dalilin da ya sa lambobinka suka fito kusan daidai, domin a nan ne za ka gane sauran aikin.

Idan direban mcp320x zai karanta MCP3008 ko MCP3208, umarni iri ɗaya yake aika musu ta SPI, layin wayoyin da kwamfutar ke magana da aisin ta kansa: bit na farawa, bit da ke cewa ƙofa guda za a auna ko bambancin ƙofa biyu, sai bit uku na lambar ƙofar. Bayan haka ya karɓi bit 16. A MCP3008 goma na farko ne amsa, sai ya watsar da shida na ƙarshe. A MCP3208 goma sha biyu ne amsa, huɗu yake watsarwa. To kai da ka ba shi aisi mai bit 12 da sunan mai bit 10, sai ya ɗauki manyan bit goma ya zubar da ƙananan biyu, ya kuma yi lissafin sikeli, wato mayar da lambar zuwa milibolt, da 1024 maimakon 4096. Kuskure biyun sun rufa wa juna asiri, shi ya sa amsar ta yi kama da gaskiya. Abin da ka yi asara shi ne kaifin awo. Da bolt 3.3 a matsayin ma'auni, kowane taki na bit 10 milibolt 3.2 ne, na bit 12 kuwa 0.8. Ka biya kuɗin bit 12 kana cin moriyar 10.

Wannan gwajin naka ya nuna abu ɗaya mai kyau: aisin yana jin umarnin dangin MCP, kuma amsarsa tana farawa a bugun agogon SPI da direban ke tsammani. Da ta makara da bugu ɗaya, da rabin lambar ka gani. Saboda haka akwai alama mai ƙarfi cewa faɗaɗawa ce hanyarka.

Ni abin da nake dubawa kafin in ce aisi biyu direba ɗaya zai riƙe su ba sunan kamfani ba ne, ba kuma jerin ƙafafu ba. Yadda suke magana a kan waya nake dubawa. Buɗe takardar bayanan aisinka da ta MCP3208 gefe da gefe, ka je shafin da aka zana bugun agogo da layin bayanai. Ƙirga bugun da yatsa, ɗaya bayan ɗaya: ina umarni ya ƙare, bugu nawa aisin ke ɗaukar samfuri, ina bit na banza yake, ina amsa ta fara. Duba iyakar gudun agogo, don MCP3208 yana ɗaukar megahaz 2 a bolt 5 amma 1 kacal a bolt 2.7, kuma naka zai iya zama ƙasa da haka. Duba ko daga waje yake karɓar ma'aunin wuta ta ƙafar VREF ko a cikinsa yake da shi. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, alhali direban yana neman a ba shi `vref-supply` a Device Tree, daga nan yake lissafa sikeli. Aisi mai ma'auni a ciki sai an canza wannan wurin.

Idan komai ya zo ɗaya, wataƙila ko layi ɗaya na C ba za ka taɓa ba. Device Tree ya yarda ka rubuta suna biyu a `compatible`: sunan aisinka na gaskiya da farko, sannan `microchip,mcp3208` a matsayin madogara. Sai dai SPI yana da wata ɗabi'a da ke kayar da mutane. Sunan farko yake ɗauka, ya cire sunan kamfani, da abin da ya rage ake neman direban da za a loda. Idan wannan guntun sunan ba ya cikin teburin `spi_device_id`, direban ba zai lodu da kansa ba. Mafi muni, direban da ke neman bayanin aisi ta `spi_get_device_id` ba tare da ya duba abin da aka mayar masa ba zai tarar da wofi, kanel, wato zuciyar Linux, ya faɗi. Don haka a SPI na fi son a ƙara sunan a tebura biyun, `of_device_id` da `spi_device_id`, ko da aisin tagwayen wani ne. Layi biyu ne, sun fi kwana ana neman abin da ya hana na'ura tashi.

Idan kuwa akwai bambanci, nan aikin yake. A cikin direban akwai wani tsari mai suna `mcp320x_chip_info`, kowane aisi da layinsa a tebur: jerin ƙofofinsa, yawansu, yawan bit ɗinsa. Ka ƙara layin naka. Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk bambancin da za a iya faɗa da lamba, a tebur za a sa shi. Yawan bit lamba ce. Yawan bit da ake zubarwa lamba ce. Tsawon jira lamba ce. Abin da ba na son gani shi ne kod da aka cika da "idan aisi kaza ne yi kaza" a wuri biyar daban-daban, don wanda zai ƙara aisi na gaba dole ya manta da ɗaya daga cikin biyar ɗin. Gaskiya mcp320x ɗin kansa yana da `switch` a wurin haɗa umarni da wurin warware amsa, tsohon salo ne. Idan naka ya dace da ɗaya daga cikin rukunonin da ke wurin, ka jingina shi a nan kawai. Masu duba faci, wato gyaran kod da ake aikawa, a sashen IIO na na'urorin awo a Linux, wanda Jonathan Cameron ya daɗe yana kula da shi, sun fi karkata yanzu ga a nuna tsarin bayanin aisi kai tsaye daga teburin sunaye, a ɗauko shi da `spi_get_device_match_data`.

Tarihin direban nan ma darasi ne a kan irin bambancin da ke shiga tebur da wanda ba ya shiga. MCP3301 bit 13 ne kuma amsarsa tana iya zama ƙasa da sifili, tunda bambancin ƙofa biyu yake aunawa. Idan aka karanta shi kamar 'yan'uwansa, ragi ɗaya zai fito a matsayin 8191. Sai da aka sa `sign_extend32` a wurin warware amsarsa. MCP3001 da MCP3201 kuwa ƙofa ɗaya gare su, ba su da ma ƙafar karɓar umarni, don haka ba a aika musu komai, karɓa kawai ake yi.

Wanda ya fi nisa shi ne dangin MCP3550, MCP3551 da MCP3553, da Lukas Wunner ya ƙara a 2017. Waɗannan bit 22 ne, kuma salon awonsu daban ne gaba ɗaya. 'Yan MCP3208 suna aunawa ne yayin da agogon SPI ke bugawa, amsa na fita nan take. Su kuwa waɗannan sai an saukar da layin CS, wanda ake zaɓar aisi da shi, sannan a jira. MCP3550-50 yana ɗaukar milisakan 80 kafin ya gama awo ɗaya. Amsarsu kuma tana zuwa da bit biyu na gargaɗi, ɗaya na cewa wuta ta haura iyaka, ɗaya na cewa ta faɗi ƙasa da ita. Duk da haka ba a buɗe musu sabon direba ba. An ƙara gurbin lokacin jira a tsarin bayanin aisi, aka ƙara reshe ɗaya a wurin warware amsa. A ganina wannan ita ce iyakar abin da faɗaɗawa za ta ɗauka. Da a ce suna da rijistocin saiti a ciki, da sabon fayil ya fi.

Don ka ga inda layin yake, dubi ADS1015 da ADS1115 na Texas Instruments. Su ma ADC ne, amma ta I2C suke magana ba ta SPI ba, suna da rijistar saiti inda ake zaɓar ƙofa da faɗin awo da saurin samfuri. Babu wanda zai cusa su cikin mcp320x. Amma su biyun direba ɗaya suke, ti-ads1015, duk da ɗaya bit 12 ne mai kaiwa samfuri 3300 a sakan, ɗaya bit 16 mai tsayawa a 860, saboda rijistocinsu a wuri ɗaya suke. Da aka zo ƙara TLA2024, wanda ba shi da ƙafar ALERT da sashen kwatanta iyaka, alama guda aka sa a bayanin aisi mai cewa wannan ba shi da shi, direban ya tsallake wannan ɓangaren.

Yanzu gwaji, kuma a nan ne yawancin faci ke zama rabin aiki. Kada ka gwada da batir, don ba ka san ainihin abin da ke cikinsa ba. Jona ƙofar farko da ƙasa, wato GND, ka karanta `in_voltage0_raw` a cikin `/sys/bus/iio/devices/iio:device0`, ya kamata ka ga sifili ko kusa da shi. Jona ta da VREF, ka ga 4095 ko kusa. Sa rizisto biyu masu ƙima ɗaya su raba wutar biyu, ka ga wajen 2048. Ninka lambar da abin da ke cikin `in_voltage_scale`, amsar milibolt ce, ka kwatanta da mita. Sannan ka bi ƙofofin takwas ɗaya-ɗaya, sauran bakwai suna ƙasa. Wannan ne zai kama aisin da ya jera lambobin ƙofa ba kamar na Microchip ba, wanda idan ka nemi ƙofa ta ɗaya sai ya ba ka ta huɗu. Idan za ka bayyana ƙofofin bambanci, juya wayoyin ka ga abin da yake yi: MCP3208 sifili yake bayarwa idan ɓangaren ragi ya fi, naka zai iya yin wani abu dabam.

Idan kana son aikin ya shiga kanel na kowa, faci biyu za ka yi. Na farko na fayil ɗin `microchip,mcp3201.yaml` da ke bayyana sunayen da aka yarda da su, ka gwada shi da `make dt_binding_check`. Na biyu na direban. Ka bi su da `scripts/checkpatch.pl`, `scripts/get_maintainer.pl` ya gaya maka waɗanda za ka aika wa, ka sa layin `Signed-off-by` da sunanka na gaskiya, ka kuma faɗi a kan wace na'ura ka gwada. Idan sunan kamfanin ba ya cikin `vendor-prefixes.yaml`, facinsa ne zai riga su duka. Za a mayar maka da gyara sau ɗaya ko biyu, haka ake yi wa kowa.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zai same ka da zarar bit 12 sun fara aiki. Batir mai bolt 12 yana kaiwa 14.4 a lokacin caji, don haka na san rizisto biyu ka sa ka rage wutar kafin ta shiga aisin. Idan manya ka sa, kamar 100k da 22k don kada su riƙa shan batir, ƙaramin kafasiton da ke cikin aisin, wajen fikofarad 20 a MCP3208, ba zai cika ba a ɗan lokacin ɗaukar samfuri. Amsa za ta riƙa fitowa ƙasa da gaskiya, tana kuma canzawa gwargwadon ƙofar da aka karanta kafin ita. Da bit 10 ƙila ba ka lura ba. Da bit 12 za ka gani, ka ɗora wa sabon facinka laifi. Sa kafasito mai nanofarad 100 tsakanin ƙofar da ƙasa, kusa da ƙafar aisin, ka rage agogon SPI zuwa kilohaz 500 ka sake aunawa kafin ka koma kan kod.