Kwana Shida a Gana: Amsa ga Yarona a Kan Tafiyar Mai Ƙaramin Ƙarfi

Yarona, jiya da muke rufe ofis ka tambaye ni yadda za ka yi da ma'aikacin nan da ya zo maka da hutun kwana 6 da ɗan abin da ya tara, yana so ya fita waje da maiɗakinsa su ga birni, su ga teku, su kuma ziyarci wuraren tarihi, alhali kuɗin ba za su kai su Dubai ko Alƙahira ba. Na duba takardar da ka tsara masa, inda ka jera Akara da Kumasi da Cape Coast da Ada. Zaɓen Gana da ka yi ya yi daidai, amma garuruwan sun yi yawa, kuma yawan nan shi ne zai cinye masa kuɗi da lokaci gaba ɗaya.

Gana ta dace da shi domin ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 wadda ta ba shi damar zama har kwana 90. Abin da za ka tabbatar kawai shi ne fasfonsu da sauran wa'adi, kuma kowannensu yana da katin shaidar rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Saboda haka wannan ita ce tambayar da za ka fara yi masa tun kafin maganar tikiti.

Daga nan sai ka koyi ƙirga kwanaki irin na masu sana'ar nan. Mutumin da ya tashi daga Kano sai ya bi ta Legas ko Abuja, kuma ko da yake daga Legas zuwa Akara tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgi, jiran canjin jirgi da layin shige da fice za su haɗiye ranar farko, haka ma ranar dawowa. Ke nan kwana 6 ɗin nasa wuni 4 ne cikakku da dare 5. Kumasi tana da nisan kimanin kilomita 250 daga Akara, kuma idan ka saka ta, wuni guda ya tafi a mota. Na taɓa yi wa wani dattijo irin wannan tsari a shekarun da na fara aiki, da ya dawo ya zauna a kujerar nan da ke gabanka ya ce da ni abin da ya fi gani a tafiyar shi ne ƙeyar direba. Ya biya ni cikakken kuɗina, amma bai sake dawowa ba, kuma har yau abin yana damuna. Hanyar mota daga Legas, wadda ke ratsa iyakoki uku a Seme da Hilakonji da Aflawo, ta fi araha, sai dai ka bar ta ga mai hutun mako biyu.

Masauki biyu sun isa: dare 2 a Akara, dare 2 a Cape Coast ko Elmina, sannan daren ƙarshe a koma Akara kusa da filin jirgi. Ba sai ka nemo wa teku garinta daban ba, tun da gidajen tarihin nan na Cape Coast da Elmina, wato tsofaffin ganuwoyin Turawa da aka riƙa tsare bayi a ciki, a bakin ruwa aka gina su, kuɗin mota ɗaya ya biya buƙata biyu.

A Akara kada ka sauke su a Osu ko unguwannin da ke jikin filin jirgi tun daren farko, domin can ne farashin ɗaki yake da zafi. Nemi masauki mai tsafta a wajejen Adabraka ko Kanda, inda za su iya kaiwa Nima cikin 'yan mintuna. A Nima za su yi ciniki da Hausa, su karya da koko da ƙosai, da rana su ci waakye, wato shinkafa da waken da sunanta ma daga bakinmu ya fito, ba tare da fargabar abin da aka saka a tukunya ba. Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021, mai ƙirar masallatan Turkiyya, yana nan kusa, kuma idan ka daidaita kwanakin har Juma'a ta riske su a Akara, za su gode maka. Wuni ɗaya ya ishe su su ga makwancin Kwame Nkrumah, wanda ya jagoranci ƙasar ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, su ratsa kasuwar Makola, su ƙarasa tsohuwar unguwar Jamestown, domin duk a yanki ɗaya suke.

Ranar tafiya Cape Coast, wadda ke kimanin kilomita 150 yamma da Akara, su kasance a tashar Kaneshi da asuba, saboda cunkoson Kasoa, garin da ya samo sunansa daga kalmarmu ta kasuwa, yana iya mayar da tafiyar awa 3 ta koma 5. A nan nake so ka natsu sosai. Ganuwar Elmina Turawan Fotugal ne suka gina ta a 1482, 'yan Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingila a 1872, kuma ita da ta Cape Coast suna cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Tsakaninsu bai wuce tafiyar rabin awa ba, shi ya sa sabon shiga yake cusa su a wuni ɗaya. Kada ka yi haka. Wanda ya shiga kurkukun bayi na ƙarƙashin ƙasa, ɗan rakiya ya kashe fitila na ɗan lokaci, ya ji duhun da zafin da ƙarar igiyar ruwa a bayan bango, sannan aka kai shi ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi ba su dawo ba, ba zai fito da zuciyar shiga wata ganuwa nan take ba. Ka ba su ɗaya da hantsi, ka bar musu yammacin su zauna a bakin teku ba tare da wani tsari ba. Kashegari da sassafe su tafi dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa, su taka gadar igiya da ke rataye a saman bishiyoyi kafin rana ta yi zafi kuma 'yan makaranta su cika wurin, da la'asar su ga ganuwa ta biyu. Idan suna son ganin kwalekwale suna shigowa da kifi a Elmina, ka kauce wa Talata, domin a al'adar masuntan gaɓar nan ba a fita su ranar.

Ka gargaɗe su a rubuce game da ruwan. Wanda ya iya iyo a dam ɗin Tiga bai san tekun Atilantika ba, tana da jan ƙasa mai ƙarfi da ke iya ɗauke ƙafar babban mutum. Su tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, sai fa inda mutanen wurin suka tabbatar musu.

Batun lokaci kuwa, Yuni ne tsakiyar damina a kudancin Gana, Disamba kuma baƙi kan cika Akara har farashin ɗaki da tikiti su tashi. Fabrairu ko Agusta sun fi masa sauƙi.

Wajen kuɗi, ka fara cire na tikiti, sannan na masauki, ka raba sauran bisa kwanaki, ka ware kashi ɗaya cikin goma wanda ba za a taɓa ba sai da larura. Ka shaida masa cewa baƙo yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa a wuraren tarihi, kuma kada ya dogara da katin banki kaɗai, ya riƙe dala ya canza zuwa sidi, kuɗin Gana, a wurin canji mai lasisi. Ladan aikinmu kuma ka rubuta shi a layinsa daban, kada ka ɓoye shi cikin kuɗin otal.

Ka cire Kumasi da Ada, ka kira masaukan biyu ka tambaye su ko akwai ruwa da janareta da kuma ko karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki, sannan ka kawo mini sabuwar takardar gobe kafin azahar mu duba tare, kafin ka kira mutumin.