Jirgin ruwa ya haye tudu: bidiyon gaske ne ko aikin AI?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mana wani tsohon bidiyo a zauren WhatsApp na gidanmu, wai wani ƙaton jirgin ruwa ya taso daga teku yana feshin ruwa, ya haye tudu, ya buɗe baki motoci suna fita. Ƙanena ya rantse aikin AI ne. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki ce wa ƙanen naki wannan karon ya sha ƙasa. Ban ga laifinsa ba, don bidiyon bogi ya yi yawa har gaskiya ma sai an tuhume ta, amma jirgin da kika kwatanta ya girmi AI ɗin da yake nufi nesa ba kusa ba. Sunansa hobakiraf, kuma mai ɗaukar motocin nan SR.N4 ne, wanda ya yi jigila tsakanin Ingila da Faransa daga 1968 zuwa 2000. Mafi girman samfurinsa yana ɗaukar mutum 418 da mota 60, yana ƙetare mashigin tekun cikin kusan rabin awa.

Ba iyo yake yi ba, ba kuma tashi ba. Manyan fankoki ke tura iska ƙarƙashinsa, wani siket na roba ya kewaye shi ya tare ta, sai jirgin ya zauna a kan matashin iska. Daga nan ruwa da yashi da laka duk ɗaya ne a wurinsa. In kin ƙara kallon bidiyon, ki lura da lokacin da aka kashe injin: siket ɗin zai saɓe, jirgin ya durƙusa kamar raƙumi.

Asalin kamfanin da ya fito da shi Saunders-Roe ne, a garin East Cowes da ke tsibirin Wight a kudancin Ingila. Samuel Saunders maƙerin kwale-kwale ne, ya shahara da wani falankin katako da ake ɗinkewa da wayar tagulla. A 1929 Alliott Verdon Roe, ɗaya daga cikin magabatan ƙera jirgin sama a Birtaniya, ya sayi kaso mafi tsoka, aka haɗa sunayen biyu. Sana'arsu ta zama jirgin sama mai ciki irin na kwale-kwale, wanda ruwa ne filin saukarsa. A zamanin da manyan filayen jirgi ba su da yawa, wannan dabara ce mai kyau.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɓata musu lissafi, domin ya bar dogayen filayen jirgi birjik a duniya. Duk da haka suka nace, suka ƙera Princess, dodon jirgi mai inji goma da aka tsara wa fasinja kimanin ɗari. Ya fara tashi ran 22 ga Agusta 1952, alhali BOAC, kamfanin jiragen saman Birtaniya da ake sa ran zai saya, ya daina harka da irin waɗannan jirage tun 1950. Uku aka ƙera, ɗaya kaɗai ya taɓa tashi, a ƙarshe duka aka farfasa su. A ganina aikin injiniyan ba shi da makusa, kasuwar ce ta watse kafin su sauke kaya.

Abin da ya wanke musu fuska daga gwangwani ya fito. Wani injiniya, Christopher Cockerell, ya zura ƙaramin gwangwani cikin babba, ya hura iska ta ratar da ke tsakaninsu a kan sikelin kicin, ya ga iskar da ta fito a zobe ta fi danna sikelin. Saunders-Roe aka ba kwangilar mayar da wannan gwaji jirgi. Hobakiraf ɗin da suka ƙera, SR.N1, ya ƙetare daga Calais ta Faransa zuwa Dover ta Ingila ran 25 ga Yuli 1959. A shekarar ce Westland, wani kamfanin ƙera jiragen sama, ya saye Saunders-Roe, a 1966 kuma sashen ya koma British Hovercraft Corporation. Shan mai, da ƙara mai toshe kunne, da ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, su suka taru suka durƙusar da manyan. Ƙanana dai na nan suna jigila tsakanin Southsea a gaɓar Ingila da Ryde a tsibirin Wight, tafiyar minti goma.

Gobe in an sake turo irin wannan, ki tsayar da bidiyon inda jirgin ya fito sosai, ki ɗauki hoton fuskar wayar, ki saka shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto. Tsohon abu na gaske za ki tarar da hotunansa ta kusurwoyi daban-daban, wasu an ɗora su shekaru da dama baya. Ki kuma karanta rubutun jikin jirgin: a na gaske za ki ga sunan kamfanin jigilar, Hoverspeed, Seaspeed ko Hoverlloyd, haruffa a tsaye daram, ba sa narkewa in kyamara ta motsa.