Za mu iya zuba baƙon kifi a madatsar ruwan garinmu?

Tambaya: Malam, ni sakataren ƙungiyar masunta ne a garinmu. Kamu ya ja baya a madatsar ruwanmu, karfasa ta ƙanƙance, ragon ruwa sai an yi sa'a. Wani dillali ya ce zai kawo mana 'ya'yan wani kifin waje mai saurin girma mu zuba. Har an fara karo-karo, amma ni hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

Amsa: Hankalinka ya yi gaskiya. Ku dakatar da karo-karon nan. Dillalin da bai iya faɗa muku ainihin sunan kifin da ƙasar da ya fito ba, bai nuna takardar izinin shigo da shi ba, kuɗinku kawai yake so.

Na san abin da za a ce maka a wajen taro, don kullum shi nake ji: "A gwada mana, in bai yi ba sai a kwashe shi." A kwashe shi da me? Da birgi? Madatsar ruwa ba kududdufin kiwo na siminti ba ce da za ka zare toshiya ruwa ya tsiyaye ka tsince kifinka da hannu. Kifin da ya shiga buɗaɗɗen ruwa ya hayayyafa ya zauna kenan. Kana kama manya, ƙananan na cikin ciyawa, damina na zuwa ruwa ya tumbatsa ya kai su kogi, ya kai su garuruwan da ba a shawarci kowa ba. Wannan magana ta "a gwada" ta fi guba ɓarna, domin guba tana wankewa, kifi kuwa haihuwa yake.

Dubi giwan ruwa, wanda mu a kogunan Neja da Binuwai da Tafkin Chadi namu ne, bai ƙarar da komai ba, saboda sauran kifayenmu tare da shi suka taso. A shekarun 1950 aka zuba shi a Tafkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, da irin niyyarku, wato a ƙara kamu. Ya yi lamo fiye da shekara 20 kamar ba ya nan. Shekarun 1980 na kamawa ya mamaye tafkin. Ƙananan kifaye dangin karfasa da ake da su wajen iri 500, kimanin 200 suka ɓace. Kuɗi ya shigo, ban musa ba: masana'antu a Mwanza da Kisumu, biranen bakin tafkin, suna yanke tsokar suna turawa Turai. Amma talakan bakin ruwa da ya saba shanya ƙaramin kifi a rana ya koma sayen ƙashin da masana'anta ta rage, kuma da yake giwan ruwa na da kitse, sai an yi bandarsa, itatuwan gaɓar suka sha gatari. Ka lura da shekara 20 ɗin nan. Duk wanda ya ce maka "wani gari sun zuba bara, lafiya lau", bai ga komai ba tukuna.

Ko Amurka da kuɗinta ta kasa. Wasu kifayen Asiya da aka kai gonakin kifi a shekarun 1970 sun bi ambaliya zuwa kogin Misisipi, yau shingen lantarki aka kafa cikin ruwa kusa da Chicago don tare su. Tarwadarmu ma da ta je Indiya sai da gwamnati ta haramta kiwonta.

Abin da ya fi ba ni haushi, irin wannan dillali yana yawo gari-gari da jarkoki, ba jami'in da ya taɓa tsayar da shi, amma ku je neman malamin kifi ya duba muku ruwa a ce ba kuɗin mai.

Kafin a nemo baƙo, ku dubi komarku. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ƙanƙanta karfasa shi ne kwashe ta kafin ta girma. Ku zauna da sarkin ruwa a hana kamun kifi da gidan sauro da zuba maganin ƙwari, a rufe ruwan a farkon damina lokacin da kifi ke saka ƙwai. In lallai sai an zuba iri, a zuba wanda dama yake cikin koginku, kuma ku fara rubuta wa Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, ku haɗa da hoton kifin da dillalin ke tallatawa.