Na sayi sabuwar kwamfuta, waɗanne manhajoji zan fara sakawa don gina shafukan intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata shida ke nan ina koyon gina shafukan intanet da kwamfutar aro. Yanzu Allah ya hore mini tawa, mai Windows 11 da RAM giga 8. Wani abokina ya ba ni filas cike da manhajoji, ya ce in juye duka. Waɗanne ne suka zama dole? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka, ya sa ka ci moriyarta.

Filas ɗin nan dai ka mayar wa mai shi. Irin waɗannan tarkace yawancinsu manhajoji ne na kuɗi da aka fasa makullinsu, kuma ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shiga kwamfuta. Kai kuwa gobe za ka riƙe kalmomin sirrin shafukan mutane. Kusan duk abin da sana'ar nan ke buƙata kyauta ne, a shafin masu shi ake saukewa.

Ka fara da wurin rubuta kod. Visual Studio Code (VS Code), wanda Microsoft ya fitar a 2015, shi ne mafi yawan masu koyarwa ke amfani da shi, saboda haka duk darasin da ka buɗe za ka ga allo irin naka. Sai dai kada ka cika shi da ƙananan manhajojin da ake ƙara masa (extensions). Prettier zai gyara maka tsarin rubutu, ESLint zai nuna maka kurakuran JavaScript, Live Server kuma zai sabunta shafi duk lokacin da ka adana aiki. Ukun nan sun ishe ka tukuna.

Na biyu shi ne Git, kuma a nan nake so ka tsaya sosai, don shi ne masu koyo suka fi rainawa. Linus Torvalds ya ƙirƙire shi a 2005. Aikinsa riƙe tarihin duk canjin da ka yi, ta yadda idan ka ɓata abin da jiya yake aiki, sai ka koma jiyan. Na sha ganin fayiloli masu suna "aiki-na-ƙarshe", "aiki-na-ƙarshe-2", "na-ƙarshen-gaske" a kwamfutocin ɗalibai. Wannan wahalar ce Git ya zo ya ɗauke. Ka buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet, ka riƙa tura aikinka can kullum kafin ka rufe kwamfuta. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona caja har da na'urar, ko aka yi maka sata a mota, asarar ta tsaya a ƙarfe, aikin yana nan. Umarnin Git huɗu ko biyar kawai za ka haddace a makon farko.

Sai Node.js, wanda ke gudanar da JavaScript a kwamfuta ba tare da burauza ba. Ka ɗauki wanda aka rubuta wa LTS, shi ake daɗewa ana kula da shi. Yana zuwa da npm, mai sauke kunshin kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, amma tunda data tsada take, ka duba pnpm: yana ajiye kwafi ɗaya na kowane kunshi, duk ayyukanka su riƙa ɗiba daga nan, maimakon ka sake saukewa kowane sabon aiki. Haka nan ka shiga saitin Wi-Fi ka nuna wa Windows cewa datar aunawa ake yi, in ba haka ba ya shanye maka ita da sabuntawa cikin dare.

Burauza biyu: Chrome da Firefox, domin injinansu daban ne. Danna F12 ka saba da kayan binciken da ke ciki. Akwai wurin rage gudun intanet ya koma kamar 3G; ka riƙa gwada shafinka a haka, don mai ziyartarsa wataƙila yana ƙauye da ƙaramar waya da sabis sanda biyu. Safari, burauzar Apple, ba ya hawa Windows, sai dai ka ari iPhone ɗin wani ka duba.

Idan PHP ko WordPress ka nufa, kana buƙatar saba (server), wato manhajar da ke miƙa shafi ga burauza, a cikin kwamfutarka. XAMPP ya haɗa Apache da MariaDB da PHP wuri guda. Laragon ma yana yin wannan aikin, ni na fi jin daɗinsa don bai da nauyi. Ɗaya za ka zaɓa, in ka kunna biyun za su yi rigima kan ƙofa ta 80 (port 80), wadda burauza ke bi ta isa ga saba.

Za ka ji ana ta zuzuta Docker, mai killace manhaja da duk abin da take buƙata a wuri guda. Yana da amfani, amma a giga 8, da shi da Chrome da VS Code a buɗe, kwamfutar za ta riƙa nishi. Bar shi sai aiki ya tilasta maka, ko ka ƙara RAM zuwa 16 idan na'urar tana karɓa.

Ƙananan kuma: FileZilla don ɗora fayiloli a saba, 7-Zip don kwance ƙunsassun fayiloli, KeePassXC ko Bitwarden don adana kalmomin sirri. Akwai kuma Zeal, wanda mutane ba su cika sani ba. Ranar da ka samu intanet mai kyau, ka sauke bayanan HTML da CSS da JavaScript a cikinsa, daga nan za ka iya duba ma'anar kowane umarni ko da datarka ta ƙare.