Kafin ka sake zuba wata manhaja a kan Raspberry Pi ɗin nan

Ɗana, ka ce ka ɗora Raspberry Pi OS Lite a kan Raspberry Pi 4 mai giga 4, ƙaramar kwamfutar nan da ke kan faranti ɗaya, don ta zama uwar garken wani farmasi a unguwar Zariya ta Maradi, ta riƙe lissafin kaya, kwamfutoci uku na ɗiba daga gare ta. Da safe tana aiki lafiya lau, bayan azahar sai ta yi nauyi tana sandarewa, a rana ta uku kuma ta ƙi tashi sam. Kana tambaya ko ka goge ka zuba Ubuntu Server, tunda an ce maka ta fi ƙwari.

Bar manhajar nan ta huta tukuna. Su biyun daga gidan Debian suka fito, kuma kowacce za ta ɗauki aikin farmasi ba tare da ta yi nishi ba. Ubuntu Server 24.04 na da gyaran tsaro na shekara biyar, har 2029, in kana sonta don wannan ba laifi. Amma abin da ka kwatanta min ciwon wuta ne, da zafi, da katin memori. Ko me ka zuba a kai, a rana ta uku nan za ka dawo da tambaya ɗaya.

Fara da wuta, don ita ce ta fi cin mutane. Pi 4 na son volt 5.1 da amfa 3 ta bakin USB-C. Cajar salula da ake sayarwa a tire, wadda aka rubuta mata amfa 3 a jiki, sau da yawa rubutun ne kawai. Da an ja ta sai ƙarfinta ya zube. Ko cajar na da kyau, kebul ɗin na iya kayar da kai. Yi lissafi da kanka: kebul siriri mai tsayi da ke da turjiyar om 0.2, in farantin Pi ya ja amfa 2.5, rabin volt ya tafi a hanya. Daga 5.1 ka sauko 4.6, kuma Pi na fara kukan ƙarancin wuta ne da zarar ta yi ƙasa da 4.63. Daga nan sai ta rage gudun kanta, ta riƙa tuntuɓe wajen rubutu a kati. Saboda haka kebul gajere mai kauri, wanda bai wuce mita ɗaya ba.

Ba sai ka yi ta zato ba, farantin da kansa zai faɗa maka. Duk sanda Pi ke aiki, rubuta mata umarnin vcgencmd get_throttled. In ya ba ka 0x0, lafiya ƙalau. In ya ba ka 0x50005, wuta ta gaza a daidai wannan lokaci kuma an rage gudu. In ya ba ka 0x50000, yanzu ta daidaita, amma ta taɓa gazawa tun da aka kunna, kuma wannan ita ce amsar da yara ke gani su ɗaga kafaɗa su wuce. Kada ka wuce ta. In kana son gani da mita, sa jan tsinke a fin na 2 ko na 4 cikin jerin fin da ke gefen farantin, baƙin a fin na 6, lokacin da farantin ke cikin aiki mai nauyi. Ka riƙe hannunka da kyau: fin na 1 volt 3.3 ne, yana manne da na 2, in tsinken ya zame ya haɗa su, farantin ya tafi ke nan.

Sai ɗaukewar wutar gari, wadda kai ma ka san yadda take yi a watan Afrilu da Mayu. Uwar garke kullum tana rubutu a kati ko ba wanda ya taɓa ta, kuma in wuta ta yanke a tsakiyar rubutu, fayil kan lalace. Ina kyautata zaton abin da ya hana ta tashi ke nan. Maganinsa batir. Ɗauki batir mai volt 12, amfa-awa 7, irin na cikin UPS, ka haɗa shi da cajarsa, ka sa ɗan faranti mai sauke volt 12 zuwa 5 wanda ke iya ba da amfa 3 ko fiye, ka murɗa shi ya tsaya a 5.1 da mita tun kafin ka jona Pi. Ka sa fiyus kusa da kan batir. Batirin nan na riƙe wat-awa 84. In ka ci rabi kawai don ya yi tsawon rai, Pi mai cin wat 5 za ta yi kusan awa takwas. Ka ciyar da rauta daga batirin nan ita ma, in volt 12 take ci, don uwar garke da ba mai iya kaiwa gare ta ba ta da amfani. Bankin cajin salula kuwa kada ka dogara da shi ba gwaji: da yawansu na ɗauke numfashi na ɗan lokaci idan aka kawo wuta ko aka ɗauke, wannan ƙiftawar ta isa ta kashe Pi ta sake tayar da ita.

Yanzu katin. Wanda ya lalace ɗin nan, ka cire shi daga wannan aiki. Sabon kuma kada ka yarda da kwalinsa. Akwai katin da aka rubuta masa giga 64 alhali cikinsa bai fi giga 8 ba. Kwamfuta za ta nuna maka 64, manhaja ta shiga lafiya, sai ranar da rubutu ya wuce iyakar gaskiyar, komai ya dagule. Gwada shi a laftof kafin ka zuba komai: H2testw in Windows ce, f3write sannan f3read in Linux ce. Suna cika katin taf sannan su karanta abin da suka rubuta. Zai ci maka awa ɗaya ko fiye, ka bar shi ya gama. Ka nemi mai alamar A1 ko A2, giga 32 ya wadatar. Ni dai a ganina, ga aikin da za a riƙa shigar da ciniki duk yini, SSD, faifan ajiya marar juyawa, a ɗaya daga cikin ramukan USB masu launin shuɗi ta fi kati nesa ba kusa ba, kuma Pi 4 na iya tashi daga gare ta in an sabunta mata EEPROM, wato ma'ajiyar ƙaramar manhajar da ke tayar da ita. Sai dai ka tuna ramukan USB huɗun nan amfa 1.2 suke rabawa gaba ɗaya, kada ka ƙara musu wani babban faifai mai juyawa ba tare da wutarsa daban ba.

Zubawar kanta ba ta da wuya. Buɗe Raspberry Pi Imager, manhajar zuba kati, a laftof, ka zaɓi Lite mai 64-bit, ka cika sunan na'ura, sunan mai shiga da kalmar sirri, ka kunna SSH don ka riƙa shigarta daga laftof, ka sa agogo a Africa/Niamey. Tun 2022 aka cire tsohon sunan shiga na pi, in ba ka sa naka ba, sai ka nemo talabijin da kibod. Ka bar Imager ya gama tantance abin da ya rubuta. In ka sauke fayil ɗin manhajar da intanet mai yankewa, duba shi da sha256sum, lambar ta yi daidai da ta shafinsu. A tashin farko kan faɗaɗa katin ta sake kunna kanta, ka ba ta minti biyar kafin ka ce ta ƙi. Jona ta da kebul na intanet, ba da Wi-Fi ba, kuma ka shiga rauta ka keɓe mata adireshi ɗaya da ba zai canja ba.

Akwai tarko ɗaya a nan. Pi 4 ba ta da agogo mai batir a jikinta, daga intanet take tambayar lokaci duk sanda ta tashi. In data ta ƙare a rautar farmasin, za ta tashi da tsohon lokaci, apt mai sauke manhajoji ya ƙi sabuntawa, kuma mafi muni, cinikin ranar ya shiga da kwanan watan da ba nasa ba. Ɗan agogon DS3231 mai ƙaramin batir kamar kwabo yana magance wannan. Pi 5 ta 2023 ta zo da nata agogon, batir kawai ake jona mata. Duba da timedatectl kafin ka ci gaba.

Da ta tashi, yi sudo apt update da sudo apt full-upgrade, ka sa stress-ng mai ɗora mata aiki mai nauyi da iperf3 mai auna gudun hanyar sadarwa, sannan gwaji ya fara. Ka yi shi a wurin da za ta zauna, cikin akwatinta a rufe, tsakanin azahar da la'asar. Gwajin da aka yi da asuba a shago ƙarƙashin fanka bai gaya maka komai ba game da ɗaki mai rufin kwano a ranar da gari ya haura digiri 40. Rubuta stress-ng --cpu 4 --timeout 30m, a wata taga kuma ka riƙa duba vcgencmd measure_temp da vcgencmd measure_clock arm. A digiri 80 Pi ke fara rage gudu, a 85 ta rage sosai. Wannan shi ne nauyin da kake gani bayan azahar, in ba wutar ba ce. Ƙarfen zuƙe zafi shi kaɗai cikin akwatin roba ba zai iya da Maradi ba. Sa mata ƙaramar fanka mai volt 5 a fin na 4 da na 6, ko akwatin alminiyam da ke taɓa kan ƙwaƙwalwar, ka nemi ta tsaya ƙasa da 70 cikin aiki. Fanka kuma tana jawo ƙura; bayan hazon hunturu a buɗe a hure, in ba haka ba ƙurar ta zama mata bargo. Da minti talatin ɗin sun cika, sake duba get_throttled. Sai 0x0 za ka karɓa.

Hanyar sadarwa kuma: iperf3 -s a kan Pi, iperf3 -c da adireshinta a kan laftof. In duk kayan na giga ne, za ka ga kusan megabit 940. In ka ga 94, duba kan kebul ɗin da ka matse: giga na buƙatar silin takwas duka, ɗaya ya kuskure sai layin ya sauka zuwa 100 ba tare da ya ce uffan ba. Haka in ramukan rautar kanta na 100 ne. ethtool eth0 zai nuna maka a nawa suka daidaita.

Gwajin ƙarshe ka yi shi tun ba a shigar da lissafin mutane ba. Zare filogin bango, ka ga ko batir ya riƙe ba tare da Pi ta sake tashi ba. Umarnin uptime, mai nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne, zai tona asiri. Sannan ka zare wutar Pi ɗin kanta kamar sau uku, ka mayar, ka ga ko ta tashi da kanta, manhajar lissafin ta kunnu ba wanda ya taɓa ta. Kowane karo ka duba systemctl --failed, ka nemi EXT4-fs error da mmc0 a cikin dmesg. In ta ƙi tashi, ƙirga ƙiftawar koren fitila: huɗu na nufin ba ta ga fayil ɗin farawa ba, bakwai kuma kernel, zuciyar manhajar, ce ba ta gani ba.

In ta wuce duk wannan, kwafi katin gaba ɗaya a kan na biyu da ka riga ka gwada, ka tayar da Pi da shi sau ɗaya don ka tabbata yana aiki, ka sa shi a ambulan ka manna cikin akwatin. Lissafin kuma ya riƙa kwafuwa kowane dare zuwa ɗaya daga cikin kwamfutocin farmasin. Ka nuna wa mai shagon yadda ake kashewa da sudo poweroff, ya jira koren fitila ta daina ƙiftawa kafin ya taɓa filogi, ka rubuta masa a takarda ka liƙa a bango kusa da ita.